Yadda na koyi faɗuwa da kaye a ɗakin hapkido a Daegu

Tambayar da aka fi yi min tunda mutane suka ji na yi hapkido a Koriya ita ce wai abin nan da ake gani a bidiyo, a kama wuyan hannun ƙato a ɗan murɗa kawai sai ka ga ya tashi sama ya yi alkafura ya faɗo tim, gaskiya ne ko dai haɗin baki ne? Amsar dai duka biyun ne, kuma ba za ka gane yadda aka yi ya zama duka biyun ba sai ka ji yadda ake koyon abin tun daga tushe, toh bari in ba ku yadda tawa ta kasance.

Mu a wajenmu in aka ce wasan faɗa na Koriya tekwando kowa ya sani, balle 'yan uwanmu na Nijar tunda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a Rio a 2016 sannan ya je Muju a can Koriya ta Kudu a 2017 ya zama zakaran duniya. Amma tekwandon gasa aikin ƙafa ne, in ka riƙe abokin karawarka ma laifi ne alƙali maki zai ba shi, in ka faɗi ƙasa ma laifi ne. Hapkido kuwa riƙon nan da faɗuwar nan su ne abincin yau da gobe, akwai shuri akwai naushi amma zuciyar abin tana wajen kama gaɓa a murɗa, da kayar da mutum, da danne shi bayan ya faɗi.

Karatu ne ya kai ni Daegu, wani birni a Koriya ta Kudu, kuma ɗakin horon da na shiga, dojang suke ce mishi, yana saman wani bene ne a unguwarmu, ƙasa shago tsakiya wajen lesin ɗin yara sama kuma mu. Da rana wurin na yara ne, za ka ga motar dojang mai ruwan ɗorawa tana ta kwaso su daga makaranta tana mayar da su gida, sai dare ne ajin manya. Kuɗin wata-wata ake biya, a ba ka kayan da ake kira dobok, namu baƙi ne mai kauri saboda jan da zai sha, da farin bel. Mai wurin ba a kiran sunansa, kwanjangnim ake ce mishi, mataimakinsa kuma sabomnim, duk wanda ya girme ka a cikin maza kuma hyong za ka ce mishi wato yaya, ko da kuwa ka riga shi shiga. Ajin namu haɗin gambiza ne, 'yan sakandare da suka taso a wurin tun suna firamare, wani direban tasi mai furfura, wata nas, da samari biyu uku masu neman takardar baƙin bel don neman aikin ɗan sanda ko gadi.

Abu na farko da na warware tun kafin in taka tabarma shi ne maganar sunkuyo, don su gaisuwarsu kenan, a shiga a rusuna a fita a rusuna, kafin a kama juna ma a rusuna. Da ɗan guntun yarena na ce mishi kwanjangnim ni musulmi ne, sunkuyo irin na ruku'u ba na yi wa kowa sai Allah, ya yi shiru kaɗan sai ya ce toh ka tsaya ƙyam ka ɗora hannu a ƙirji ya wadatar, dama tutar ƙasarsu ma haka suke gaishe ta. Shikenan maganar ba ta sake tasowa ba.

A bango akwai hoton wani tsoho, shi ne Choi Yong-sool, an haife shi 1904 ya rasu 1986, kuma 'yan Daegu suna ji da shi sosai don a garinsu abin ya fara. Yana yaro aka tafi da shi Japan lokacin da Japan ke mamaye da Koriya, bai dawo ba sai bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, ya ce a can wajen Takeda Sokaku ya koyi Daito-ryu, wani salon faɗa na Japan, duk da dai har yau ana jayayya akan wannan don ba a ga sunansa a rajistar ɗaliban gidan ba. Labarin da kowa ke bayarwa shi ne a 1948 yana bin layin karɓar dusar hatsi a wani kamfanin giya don ya kai wa dabbobinsa, rigima ta kaure a layi ya watsar da mutane da yawa shi kaɗai, ɗan mai kamfanin Seo Bok-seob yana kallo daga sama, shi kuma dama yana da baƙin bel a judo, ya sa aka kira mishi mutumin ya ce nuna min, ya cafke shi irin riƙon 'yan judo sai ga Seo ɗin a ƙasa. Seo ɗin ne ya zama ɗalibin Choi na farko, a 1951 suka buɗe dojang tare. Daga baya Ji Han-jae da wasu suka ƙara shure-shuren nan masu yawa suka kai abin Seoul, Ji ɗin ma ya horar da masu tsaron shugaban ƙasa zamanin Park Chung-hee, shi ne kuma wanda ya kara da Bruce Lee a fim ɗin Game of Death. Na kawo wannan ne don shi ya sa in ka shiga hapkido za ka tarar da kaye iri biyu a kwano ɗaya, akwai na murɗe gaɓa da Choi ya zo da shi daga Japan, akwai kuma na ƙugu da taɗiya irin na judo, wanda su can yudo suke ce mishi, kuma yadda jiki ke jin su ba ɗaya ba ne sam.

Toh ni dai na shiga da zumuɗin a koya min tiƙa mutum da ƙasa, sai aka ware ni gefe guda aka haɗa ni da wani yaro da bai fi sa'an ƙanina na uku ba aka ce ya koya min faɗuwa. Nakbop sunan darasin, kuma wata da watanni shi ne rabin abin da nake yi kullum. Ta baya ake farawa, ka tsugunna ka harɗe hannu a ƙirji, ka manna haɓa da ƙirji idonka na kan ƙullin bel ɗinka, sai ka saki jiki baya, daidai lokacin da gadon bayanka zai taɓa tabarma ka doki ƙasa da hannu biyu gaba ɗaya tun daga tafi har gwiwar hannu, ba a manne da jiki ba ba kuma a ware can nesa ba, kana fitar da numfashi da ƙara. Dukan ƙasan nan ba ado ba ne, shi ke raba nauyin faɗuwar ya bazu a wuri mai faɗi maimakon ya taru a ƙashi ɗaya, haɓar kuma ita ke hana ƙeyarka haɗuwa da ƙasa. Abin da ake yaƙi da shi shi ne ɗabi'ar da aka haife mu da ita ta miƙa hannu a tokare ƙasa in za a faɗi, don nan ne wuyan hannu ke karyewa ko gwiwar hannu ta goce ko ƙashin kafaɗa ya tafi, kuma wallahi cire wannan daga jikin babban mutum aiki ne, kai ka san abin da ya kamata hannun kuma nashi yake yi. In tsugunne ta zauna sai a koma rabin tsayuwa, sai tsaye, sai da tsalle, sai wani ya tura ka ba shiri.

Daga nan ta gefe, wadda ita ce aka fi amfani da ita don yawancin kaye a gefe kake sauka, hannu ɗaya ke dukan ƙasa, ƙafar ƙasa a ɗan miƙe ta sama kuma a lanƙwashe tafinta ya sauka daram, kuma kar gwiwoyi su haɗu kar idon sawu ya bugi ɗan uwansa, wanda ya taɓa haɗa su sau ɗaya ba sai an sake gaya mishi ba. Ta gaba ita ta fi ban tsoro a wajena, ka faɗa rub da ciki ka sauka akan sangalin hannu biyu da yatsun ƙafa kaɗai, ciki da gwiwa ba sa taɓa ƙasa, fuska a juye gefe don kar hanci ya biya bashin. Sai mirginawa, hwejon nakbop, wadda ba alkafurar da muka yi muna yara ba ce ta kan tsakar ka, nan kai ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan, daga gefen ƙaramin yatsa za ka bi hannu zuwa kafaɗa ka ratsa baya a karkace ka fita ta ƙugun ɗaya gefen. Ranar da ta yi daidai za ka sani don ba ka jin komai sai ka ganka a tsaye, ranar da ba ta yi ba kuma kafaɗa ce za ta ba ka labari da asuba lokacin ɗaga hannu yin kabbara. Akwai wata filasta mai sanyi da zafi da suke mannawa a wurin ciwo, pasu suke ce mata, duk kemis akwai ta, ɗakina har warinta ya kama.

In mirginawa ta nuna sai a fara jera mutane a durƙushe kana tsallake su ka mirgina, ɗaya, biyu, uku, yaran nan 'yan sakandare kam sai ka ga an jera musu layi guda sun wuce fiu ko a jikinsu. Ƙarshen darasin shi ne juyi a iska, ba hannun da zai fara taɓa ƙasa, ka tashi ka juya a sama ka sauka a gefe. Akan katifa mai kauri ake farawa sabomnim na riƙe da hannunka yana taya ka juyawa, kuma wannan ita ce faɗuwar da kuke gani a bidiyo.

Ana cikin haka ake fara saka ka a hoshinsul, wato kare kai, kuma daga riƙon wuyan hannu ake farawa. Abu na farko da ake koya maka shi ne da zarar an kama ka ka buɗe yatsunka biyar ka ware su da ƙarfi, hakan na kumbura wuyan hannun ya sa riƙon ya ɗan saki, sannan ka fita ta inda babban yatsan mutum ya haɗu da sauran don nan ne ƙofar, ba fizga ake yi ba, gwiwar hannu kake turawa gaba kana takawa da ƙafa. Sai kalnoki, wadda ita ce kusan ta farko a kowane dojang, ka juya hannun mutum gwiwar hannunsa ta kalli sama, ka ɗora kaifin sangalinka kaɗan sama da gwiwar hannun daidai kan jijiyar nan, ka murza kana sauke nauyinka, ba ka sani ba sai ka ga mutum ya kife da fuska. Ranar da kwanjangnim ya gwada ta a kaina ban ga lokacin da na isa ƙasa ba, kuma mutumin nan bai kai kafaɗata ba a tsawo. Doka ɗaya ce ba wasa a kanta, in ka ji zafi ka bubbuga cinyarka ko tabarma ko jikin wanda ya riƙe ka, shi kuma dole ya saki nan take, jarumta ba ta da wuri a nan don gaɓa ba ta yin gargaɗi sau biyu.

Sai wadda ake murɗa wuyan hannu waje, ka riƙe bayan tafin mutum da manyan yatsunka biyu ka lanƙwasa shi zuwa wajen sangalinsa sannan ka juya shi waje kana juya ƙugunka gaba ɗaya. Toh a nan ne amsar tambayarku take. In aka yi ta a hankali mutum zai karkace ya zube a gefe ba wani abin kallo, in kuma aka yi ta da gudu wuyan hannu yana da iyakar da zai juya, daga nan ko dai jiki ya bi hannun ko kuma jijiya ta tsinke, shi ya sa wanda ya iya yake tashi sama ya juya don ya riga murɗar isa. Kenan tsallen nashi ne shi ya yi abinsa, ba ƙarfin wancan ne ya cilla shi ba, amma kuma ba ƙarya ba ce don hannunsa yake ceta. Mutumin titi da bai taɓa koyon nakbop ba ba zai tashi sama ba, zai durƙushe yana ihu ne da targaɗe ko abin da ya fi targaɗe.

Suna yawan maimaita ƙa'idoji uku, hwa da won da yu, kar ka yi karo da ƙarfin mutum, ka yi komai a zagaye, ka bi ta inda ba tsayayya. Da farko kamar wa'azi nake jin su, sai da muka shiga kaye na ƙugu suka zama abin da hannu ke taɓawa. Kowane kaye kashi uku ne, ka karya tsayuwar mutum, ka shiga, ka kayar, kuma na farkon shi ne komai, in mutum yana tsaye daram nauyinsa na tsakiyar ƙafafunsa ko kai waye sai dai ka yi ta nishi. Sai ka ja shi ya hau kan yatsun ƙafa ko ka tura shi ya koma kan diddige, ko ka jira takunsa, a daidai wannan ƙiftawar ido ba shi da nauyi. Opochigi ita ce wadda ake goya mutum a baya a jefo shi ta kan kafaɗa, ka ja hannun rigarsa sama da gaba, ka juya ka ba shi baya ƙafafunka a cikin nashi, ka lanƙwashe gwiwa har bel ɗinka ya koma ƙasan nashi, bayanka a manne da ƙirjinsa ba rata, sannan ka miƙe gwiwa kana kallon inda kake so ya sauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli 'yan dako a Dawanau suna saɓa buhun masara ya ga abin, ba hannu ke ɗagawa ba, mutum ke shiga ƙarƙashin kayan ƙafa da ƙugu su yi aikin. Ni da yake dogo ne wannan ta ba ni wuya don sai na sauka ƙasa sosai kafin in shiga ƙarƙashin gajerun abokaina, su kuwa a kaina sai yadda suka ga dama, nas ɗin nan da ba ta kai ƙirjina ba ita aka fi kira ta nuna wa sababbi yadda ake yi. Sabomnim ne ya ce min kowa da abin da jikinsa ke so, kai ƙafa Allah ya ba ka, ya mayar da hankalina kan batdari hurigi, ka taka gefen mutum ƙirji da ƙirji ka mayar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya sannan ka share ƙafar ta baya da bayan cinyarka, da kuma wadda ake shiga da ƙafa ta ciki a ƙwaƙulo tashi. Waɗannan kam sun zauna min.

Yawancin lokaci ma ba kayarwa ake yi ba, shiga da fita ake ta maimaitawa, ana ƙirga da yarensu hana dul set net har zuwa yol wato goma, a na goma ne kawai za ka jefar, sai a canja shi ma ya yi a kanka. Kuma akwai abin da ba a nunawa a bidiyo, in ka jefa abokinka ba ka sakin hannun rigarsa, kana ɗan jan shi sama ne lokacin da yake sauka don ya faɗi a gefe kansa bai bugu ba, wanda duk ya saki mutum ya faɗi yadda ya ga dama kwanjangnim ba ya ɗaga murya, zai kira shi ne kawai ya ce zo in nuna da kai. Da damina Daegu zafi gare ta ga gumi, dobok ya jiƙe sharkaf riƙo na zamewa, da sanyi kuma tabarmar ta yi tauri tafin hannu ya yi ja wur saboda dukan ƙasa. Da azumi na ci sa'a ajin dare ne, in sha ruwa in ɗan taɓa abu mara nauyi in tafi, don cika ciki kafin a yi ta maka ka da ƙasa ba dabara ba ce.

A ƙasa kuma hapkido ba ta son daɗewa. In mutum ya faɗi sai ka bi shi da gwiwa a haƙarƙari ko a kafaɗa, hannunsa a miƙe a jikin cinyarka ka kulle gwiwar hannu ko wuyan hannu, ko ka kife shi ka naɗe hannun a bayansa irin na kama ɓarawo, kai kuma kana tsugunne ko tsaye kana ganin abin da ke kewaye da kai, tunaninsu shi ne a waje ba ka san ko mutum yana da abokai ba kuma siminti ba tabarma ba ne. An koya mana shaƙa da kwalar riga da yadda ake fita in an hau kanka, amma kaɗan ne, duk wanda ya yi jujitsun Brazil na ɗan lokaci zai wahalar da ɗan hapkido in aka kwanta ƙasa, kuma yanzu wuraren koyon shi sun cika garuruwan Koriya, samarin ajinmu ma wasu suna zuwa can a ɓoye.

Wanda ya fi buɗe min ido wani hyong ne da ya shigo daga baya, mai aikin kai kaya gida-gida, ashe yana makaranta shirum ya yi, kokawar gargajiyarsu. A cikin yashi ake yinta, kowa an ɗaura mishi wani ƙyalle a ƙugu da cinya mai suna satba, a durƙushe ake farawa kowa ya kama satbar ɗan uwansa sannan a miƙe tare, duk wanda wani wuri daga gwiwa zuwa sama ya taɓa ƙasa ya faɗi. A da sa ake ba zakara, yanzu mutum-mutumin sa ake ba shi da kuɗi, ajin nauyinsu ma sunayen duwatsu ne, Taebaek, Geumgang, Halla, Baekdu, kuma lokacin bukukuwansu na Seollal da Chuseok ana nunawa a talabijin. A 2018 hukumar UNESCO ta saka ta cikin kayan gadon duniya da sunan Koriya ta Arewa da ta Kudu tare. Wanda ya saba kallon gasar takobi ta Nijar da aka faro a Tahoua a 1975 zai gane kayen nan da nan, bambancin dai namu sai an yi ta zagaye ana neman riƙo su kuma da riƙon ake farawa. Toh ranar da ake sakin mu mu gwada da gaske ba wanda ke ba wani haɗin kai sai aka haɗa ni da shi, na kai hannu zan murɗa wuyan hannunsa, malam ko motsi, hannun jiƙe da gumi ga shi ba ya tsayawa wuri ɗaya, kafin in sake tunani ya rungumo ƙuguna ya ɗora ni akan cikinsa ya juya, sai rufin ɗaki na gani. Abin da ya yi min amfani a ranar nakbop ne kawai, na doki ƙasa na tashi lafiya.

Ra'ayina bayan wannan, kuma na san wasu 'yan hapkido ba za su so shi ba, shi ne murɗe gaɓa gaskiya ce amma tana da wurinta, tana aiki akan wanda ya riƙe maka riga yana surutu, ko maye, ko wanda aka riga aka girgiza shi da duka ko aka karya tsayuwarsa, shi ya sa masu gadi da 'yan sanda ke sonta. Akan mutumin da ya shirya yana kokawa da kai kuwa taɗiya da kayen ƙugu sun fi ta tabbas nesa ba kusa ba. Na faɗa wa kwanjangnim haka cikin ladabi ina tsammanin zai ji haushi, sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa kowace dabara a littafi take farawa da duka ko taku, ku ne kuke tsallake wannan ku tafi wajen mai kyan gani. Don haka in za ka shiga wani wuri ka duba abu biyu, shin suna ɓata lokaci sosai akan faɗuwa, shin kuma akwai ranar da ake gwadawa da wanda ba ya ba ka hannunsa kyauta.

Jarabawar bel shimsa ake ce mata, ana yinta lokaci-lokaci kana hawa daga launi zuwa launi, ta baƙin bel ce dai mai nauyi, a karɓi hotonka da kuɗin takarda a aika ƙungiya. Nan ma a sani, tekwando a Koriya ta Kudu tana da hedikwata ɗaya Kukkiwon a Seoul tun 1972, hapkido kuwa ƙungiyoyi ne barkatai kowa da takardarsa da jerin dabarunsa, toh mai neman takardar don aiki gara ya tambaya wace ƙungiya ce tun kafin ya biya. Ranar tamu iyaye sun cika gefen ɗaki da wayoyi a sama, manyan malamai na zaune a tebur, aka fara da numfashin danjon, wato na ƙasan cibiya, da shure-shure, sai nakbop duka tun daga ta baya har juyi a iska, sai a kira ku bibbiyu a ce riƙon wuyan hannu, riƙon kwala, riƙo ta baya, kare naushi, kai ka yi shi ya yi, kuma ana ba ka maki a faɗuwarka kamar yadda ake ba ka a kayarwarka. Direban tasin nan aka haɗa ni da shi, tsoho ne amma faɗuwarsa tsaf, shi ya sa kayena ya yi kyau a idon alƙalai fiye da yadda yake. Aka rufe da karawa da fasa katako, bayan wasu makonni takarda ta iso da bel mai sunana da zaren ruwan gwal da harafinsu. A al'ada naman alade da giyarsu soju ake zuwa ci bayan jarabawa, saboda ni aka karkata zuwa wajen gasasshen kifi.

Satin da ya biyo baya sabomnim ya miƙo min danbong, wani guntun sanda da bai fi tsawon sangalin hannu ba mai igiya a gindi, don daga baƙin bel ake shiga makamai, ita da doguwar sanda da sandar dogarawa ta tsofaffi da kuma ɗaure mutum da bel. Darasin farko shi ne matse wuyan hannu da ita a kan ƙashi, kuma hyong ɗin shirum aka ba ni mu gwada, wannan karon kam ya bubbuga tabarma tun kafin in gama juyawa.